C.V. Raman: Akantan gwamnati da ya ciyo wa Indiya kyautar Nobel

Ɗan'uwa, in kana leƙa Facebook ko X a lokacin bukukuwan yaye ɗalibai, ka san yadda shafuka ke cika da hotuna. Wannan ya sha doguwar rigar kammala digiri, wancan an ƙara masa girma zuwa farfesa, waccan ta karɓi lambar yabo a wani taro, jama'a kuma sai zuba musu fatan alheri ake yi. Abin farin ciki ne, babu ja. Sai dai fa hoton ranar biki kawai yake nuna maka. Shekarun da mutum ya kwashe a ɗakin gwaje-gwaje kafin ranar ta zo, da wuya ka ga wanda ya ɗora su.

A yau mun ɗauko maka tarihin wani mutum da ya tara irin waɗannan lambobi har suka yi masa yawa, amma sai da ya shekara goma yana bincike ba wanda ke biyansa albashi a kai, ba muƙami a jami'a. Sunansa Chandrasekhara Venkata Raman, duniya ta fi saninsa da C.V. Raman. Ɗan Indiya ne. Eh, Indiyar nan da ka sani ta fina-finai da rawa da waƙa. Shi ne mutumin nahiyar Asiya na farko da ya ci kyautar Nobel a fannin kimiyya, kuma duk karatunsa a gida ya yi shi. In ka biyo mu zuwa ƙarshe za ka ji yadda aikinsa ya iso har kasuwannin magani na Najeriya.

Yaron da likita ya hana zuwa Ingila

An haifi Raman ranar 7 ga Nuwamba, 1888, a Tiruchirappalli da ke kudancin Indiya, lokacin ƙasar tana hannun Turawan mulkin mallaka na Birtaniya. Mahaifinsa malamin lissafi da fiziks ne. Yana ƙarami iyalin suka koma garin Visakhapatnam, inda mahaifin ya samu koyarwa a wata kwaleji. A gidan littattafai ya tashi ke nan.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Yana shekara 11 ya ci jarrabawar gama sakandare. A 1904 ya kammala digirin farko a Kwalejin Presidency ta Madras, garin da yanzu ake kira Chennai, ya zo na ɗaya, ya karɓi lambar zinare a fiziks. A 1906, yana shekara 18 kuma yana ɗalibi, wata tsohuwar mujallar kimiyya ta Landan mai suna Philosophical Magazine ta buga bincikensa na farko, a kan yadda haske ke bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa. Ka duba shekarunka, ka duba wannan.

A zamanin, duk ɗalibi mai ƙwaƙwalwa irin tasa Ingila ake tura shi ƙaro karatu. Malamansa ma haka suka so. Amma da likita ya duba shi, sai ya ga jikinsa ba shi da ƙwarin jure sanyin can. Shi ke nan, tafiya ta fasa. Yau da za a hana wani daga cikinmu biza ko tallafin karatu a waje, ka san irin dogon rubutun takaicin da zai biyo baya. Shi Raman sai ya tsaya ya gama digiri na biyu a 1907.

To, sai kuma ina? A Indiyar wancan lokaci aikin bincike na kimiyya ga ɗan ƙasa kusan babu shi. Sai ya zauna jarrabawar shiga ma'aikatar kuɗi ta gwamnati, ya zo na ɗaya. A 1907 aka tura shi birnin Kalkata a matsayin mataimakin babban akanta, bai ko cika shekara 19 ba. A shekarar ce kuma ya auri matarsa Lokasundari. Aiki mai tsoka, albashi mai kauri, ga sabuwar amarya. A idon dangi, yaro ya gama haɗa rayuwa.

Allon da ya hango a bakin titi

Bai daɗe da fara aiki ba, wata rana yana cikin taragon da ke zirga-zirga a tsakiyar gari sai ya hango wani allo a gida mai lamba 210 a titin Bowbazar. Ashe wata ƙungiya ce ta bunƙasa kimiyya, wadda wani likita ɗan ƙasar, Mahendralal Sircar, ya kafa tun 1876 domin 'yan Indiya su samu wurin yin bincike da kansu. Ga ɗakuna, ga 'yan kayan aiki, amma masu binciken ne babu. Raman ya shiga ya nemi izini. Ɗan wanda ya kafa wurin, Amrita Lal Sircar, ya buɗe masa ƙofa.

Daga nan rayuwarsa ta rabu biyu. Da sassafe yana ɗakin gwaje-gwaje. In lokacin ofis ya yi, ya je ya zauna kan lissafin kuɗin gwamnati. Ana tashi ya koma ɗakin gwaji har dare. Ranar Lahadi kuwa can yake wuni. Ko da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Rangun a ƙasar Bama, sannan Nagpur, bai daina ba, a gidansa ya ci gaba da gwaje-gwaje har aka dawo da shi Kalkata a 1911.

Kuma me yake bincike a kai? Kiɗa. Yadda tsirkiyar goge irin na Turawa ke karkarwa, yadda kayan kiɗan Indiya masu tsirkiya ke fitar da amo, da dalilin da ya sa gangunan ƙasarsu, tabla da mridangam, ke ba da sauti mai daɗin da gangar Turawa ba ta bayarwa. Abin da yake ji kullum a unguwa shi ya mayar tambayar kimiyya, yana rubutawa yana aika wa manyan mujallu, suna bugawa.

Nan fa sunansa ya fara zagawa. Shugaban Jami'ar Kalkata, Ashutosh Mukherjee, ya yi masa tayin kujerar farfesan fiziks da aka kafa da dukiyar wani attajiri mai suna Palit. Matsala biyu ce a gaba. Ta farko, an shar'anta cewa mai kujerar sai ya yi horo a ƙasar waje, shi kuwa Raman ya ƙi, dole aka ɗage masa sharaɗin. Ta biyu, albashin jami'a kusan rabin abin da yake ɗauka ne a ma'aikatar kuɗi. A 1917 ya ajiye aikin gwamnati ya karɓi kujerar. Ka tambayi kanka tsakani da Allah, kai za ka iya?

Me ya sa teku yake shuɗi?

Sai a 1921 ya fara taka Turai, shi ma a matsayin wakilin jami'arsa a wani taron jami'o'i a Ingila. A hanyar dawowa cikin jirgin ruwa mai suna Narkunda, shuɗin Bahar Rum ya ɗauke masa hankali.

A lokacin akwai amsa a ƙasa, daga bakin babban masani kuwa. Lord Rayleigh na Ingila, wanda ya bayyana wa duniya dalilin da ya sa sama take shuɗiya, ya ce launin teku hoton sama ne kawai da ruwa ke maidowa kamar madubi. Kowa ya karɓa, don wa zai ja da Rayleigh? Raman dai yana da wani ɗan gilashi na musamman a jakarsa, wanda ke iya toshe hasken da ya dawo daga fuskar ruwa. Ya ɗora a ido ya kalli tekun. In da maganar Rayleigh ce, da shuɗin ya dushe. Sai ma ya ƙara turuwa. Ashe ruwan da kansa ne ke watsa hasken rana, kamar yadda iska ke yi a sama.

Jirgi na isa Bombay ya aika wa mujallar Nature gajeren bayani, aka buga a watan Nuwamban 1921. Daga nan ya karkata akalar ɗakin bincikensa kacokan zuwa tambaya guda: me ke faruwa da haske idan ya ratsa ruwa, ko iska, ko gilashi?

A 1924 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar Royal Society ta Landan, ɗaya daga cikin manyan karramawar da masanin kimiyya ke samu. A 1926 ya kafa mujallar fiziks ta Indiya, don ɗalibansa su samu inda za su buga aikinsu a gida. Amma babban abin bai zo ba tukuna.

Ranar 28 ga Fabrairu, 1928

Tun 1923 wani ɗalibinsa, K.R. Ramanathan, ya lura da wani ɗan haske mai rauni da ke fitowa daga ruwa da launin da ba shi aka tura ciki ba. Da fari an zaci datti ne a cikin ruwan. Aka tace, aka sake tacewa, abin nan bai tafi ba. Shekara kusan biyar yana yi musu gizo.

A farkon 1928 Raman da wani ɗalibinsa mai naci, K.S. Krishnan, suka duƙufa a kai. Kayan aikinsu ba wasu na a zo a gani ba ne. Hasken rana suke tarawa da tabaron hangen nesa, su bi da shi ta gilashin da ba ya barin komai ya wuce sai launin shunayya, su tura shi cikin kwalbar ruwan sinadari. Sai mai kallo ya tsaya daga gefe cikin duhu, ya duba ta koren gilashi. In hasken bai sauya ba, koren gilashin zai tare shi, ba za a ga komai ba. Amma ana gani. Suka gwada ruwan sinadarai kusan 60, duk labarin ɗaya. Ranar 28 ga Fabrairu suka duba da na'urar tsefe haske, wadda ke rarraba shi launi-launi kamar bakan gizo, suka ga sabon launin a ware. Da suka maimaita da fitilar zaiba, sababbin layuka suka fito ƙarara.

Bari mu sauƙaƙa maka. Ɗauki tsakuwa ka jefi bangon dutse, za ta dawo da kusan ƙarfin da ta tafi da shi. Jefi fatar ganga kuwa, fatar za ta karɓe wani abu daga ƙarfin ta yi karkarwa, tsakuwar ta dawo a raunane. Haka haske yake yi da ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi kowane abu. Mafi yawansa yana dawowa yadda ya je. Amma ɗan mitsitsi daga ciki, kusan ɗaya cikin miliyan goma, yana musayar ƙarfi da ƙwayoyin, sai launinsa ya sauya. Kuma kamar yadda kunnenka ke bambance kalangu da tambari ko ba ka gansu ba, kowane sinadari da irin nasa sauyin. Ka haska abu, ka karanta sauyin, ka san ko mene ne, ba tare da ka fasa shi ba. Wannan shi ake kira tasirin Raman har gobe.

Raman bai yi sanya ba. Washegari labarin ya fita a jarida. Ranar 16 ga Maris ya gabatar da lacca a kai a Bangalo, ranar 31 ga watan kuma Nature ta buga takardarsa da Krishnan. Saurin nan ya yi masa rana, don a watan Fabrairun nan dai wasu masana biyu a Mosko, Grigory Landsberg da Leonid Mandelstam, su ma sun ga abin a cikin wani dutse mai ƙyalli, amma nasu bayanin ya fito daga baya. Ga darasi a nan ga duk mai ajiye sakamakon bincike a cikin kwamfuta yana jiran ranar da zai samu sarari.

Ruwan lambobin yabo

A 1929 Birtaniya ta ba shi lambar Sir. A 1930 Royal Society ta ba shi lambar Hughes. Shi kuwa ya sakankance Nobel tasa ce, har ya sayi tikitin jirgin ruwa zuwa Suwidin shi da matarsa tun watan Yuli, alhali sai Nuwamba za a yi sanarwa. Kuma hakan aka yi. A Disambar 1930 ya tsaya a birnin Stockholm da rawaninsa a ka, ya karɓi kyautar Nobel ta fiziks, yana shekara 42. Kafin shi, ɗan Indiya ɗaya ne ya taɓa cin Nobel, marubuci Rabindranath Tagore a 1913, shi kuma a fannin adabi. Ka tuna fa, ƙasar sai a 1947 ta samu 'yancin kai. Mutumin da ake mulka, wanda bai yi karatu a Turai ba, ya yi aikin a gari irin Kalkata, shi ne a gaba.

A 1933 ya zama ɗan Indiya na farko da ya shugabanci Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalo. A 1934 ya kafa makarantar manyan masana kimiyya ta ƙasar. A 1948 ya buɗe tasa cibiyar binciken mai ɗauke da sunansa. A 1954 yana cikin mutum uku na farko da aka ba Bharat Ratna, lambar girmamawa mafi daraja a Indiya.

Mutum tara yake, bai cika goma ba

'Yar'uwa, wannan ɓangaren ya fi shafarki. A 1933 wata ɗaliba mai suna Kamala, wadda daga baya aka sani da Kamala Sohonie, ta nemi gurbin bincike a cibiyar da Raman ke shugabanta. Sakamakonta daga Jami'ar Bombay ya kai, har ya wuce. Raman ya ƙi ɗaukarta, dalili kuwa ɗaya ne: mace ce. Ita ma ba kanwar lasa ba ce, ta je ta kafa masa zaman dirshan a ofis har sai da ya yarda, bisa sharaɗin shekara guda ta gwaji. Ta yi aikin da ya rufe bakin kowa, aka buɗe wa mata ƙofar cibiyar, ita kuma ta wuce Jami'ar Cambridge ta samo digirin dakta a 1939. Mai Nobel guda ya yi kuskure a kanta.

Akwai kuma Krishnan, wanda ya sha zaman duhu yana auna hasken nan. Sunansa na kan takardar, amma kyautar Raman kaɗai aka ba, kuma har yau masana tarihin kimiyya na tattauna girman rabonsa a aikin. Shi dai bai tsaya ƙorafi ba, ya ci gaba da nasa binciken, Royal Society ta zaɓe shi a 1940, daga baya ya zama shugaban farko na babban ɗakin gwaje-gwajen fiziks na ƙasar Indiya.

Raman mutum ne mai zafin rai da yarda da kansa fiye da kima. Shugabancinsa a Bangalo bai yi ƙarko ba, rigima da hukumar cibiyar ta sa ya sauka bayan 'yan shekaru, ya ci gaba a matsayin farfesa. Ya kuma shafe shekaru yana jayayya da masanin nan ɗan Jamus, Max Born, a kan yadda ƙwayoyin lu'ulu'u ke karkarwa. A ƙarshe hujja ta tsaya a ɓangaren Born. Abin mamaki, wanda ya yi suna saboda ya ƙi karɓar maganar Rayleigh ba tare da gwaji ba, shi ne kuma ya kasa sakin tasa maganar. Ita kimiyya ba ruwanta da yawan lambobin da ke rataye a ƙirjinka.

Daga Kalkata zuwa kantin magani

Saboda raunin hasken, auna tasirin Raman ya kasance aiki mai cin lokaci. Da aka ƙirƙiro hasken lesa a 1960 sai abin ya samu sabon rai. Yau akwai na'urorin da ake riƙewa a hannu, a ɗora a kan ƙwayar magani ko a cikin ledarta take, cikin ɗan lokaci su nuna ko sinadarin da ke ciki ya dace da na ainihi. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ta yi amfani da irin wannan na'ura, mai suna TruScan, wajen farautar jabun magunguna. Jami'an tsaro a ƙasashe da dama na gano miyagun ƙwayoyi da abubuwan fashewa da ita, masu sayar da duwatsu masu daraja na tantance na gaske da ita. Motar binciken nan ta Amurka, Perseverance, da ta sauka a duniyar Mars a 2021, tana ɗauke da na'urorin da ke karanta duwatsun can da wannan dabara.

Raman ya rasu ranar 21 ga Nuwamba, 1970, a Bangalo, yana da shekara 82. Tun 1987 Indiya ke bikin ranar kimiyya ta ƙasa kowace 28 ga Fabrairu. Ka lura da ranar da suka zaɓa: ranar da aka yi aikin a ɗakin gwaji, ba ta haihuwarsa ko ta karɓar kyautar ba. Gidan nasu ma bai tsaya a kansa ba, ɗan ɗan'uwansa, Subrahmanyan Chandrasekhar, ya ci Nobel ta fiziks a 1983.

To, kai da ke sashen fiziks ko na sinadarai ko na halittu, mun san halin da ake ciki. Wuta na ɗaukewa ana tsakiyar gwaji, wata na'urar ta lalace tun kafin ka shigo jami'a, wani aikin sai an yi karo-karo a sayi sinadarin. Wannan gaskiya ce, kuma haƙƙi ne a ci gaba da neman gyara, don shi kansa Raman da Sircar bai gina wurin nan ba, da Mukherjee bai ba shi kujera ba, da wataƙila a kan lissafin kuɗi zai tsufa. Amma kafin gyaran ya zo, akwai abin da ke hannunka. Zaɓi tambaya guda daga abin da kake gani kullum, ruwan rijiyar unguwarku ne, ƙurar hunturu ce, ko wani ganye da kakarka ke jiƙawa. Nemi malamin da ke aiki kusa da fannin, ka roƙe shi ya bar ka ka riƙa zuwa ɗakin gwajinsa ko da wanke kwalabe ne. Abin da ka auna ka rubuta shi daidai, ka sa sunan duk wanda ya taya ka, ka tura inda masana za su duba su yi maka gyara. Hoton da za ka ɗora zai zo a lokacinsa.